Fulawar biki ta fi ƙarfinmu, ina ake rage kuɗi?

Yayar_Amarya_Gwarinpa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah mai masaniya ya taimaka. Bikin ƙanwata ne ƙarshen Disamba a nan Abuja, kuma ni Mama ta ɗora wa kwalliyar wuri. Kamu ranar Alhamis, dina ranar Asabar bayan ɗaurin aure, walima Lahadi a gida. Mai kwalliya ta turo lissafi, fulawar ado kaɗai, wato furanni, ta tashi N1,400,000, ban da kujeru da fitilu da labule. Ta ce ɗanya ce, daga waje ake kawowa. Wallahi ba mu da wannan kuɗin, ga kayan ɗaki ba a kammala ba. Amarya kuma ta ƙwallafa rai a kan ɗanyar, ta ce ba ta son ta roba. Wata ta ce min a Jos ana nomawa kuma ta fi sauƙi. Gaskiya ne? Za ta iso Abuja ba ta yi yaushi ba? Ko akwai wata dabarar?

Maman_Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Kafin komai ki ce ta rarraba miki lissafin dalla-dalla: nawa ne na bayan kujerar ango da amarya, nawa na tebura, nawa na hanyar shigowa, nawa na hannun amarya. In an dunƙule miki shi ba za ki ga inda za ki yanke ba. A bikin ɗiyar yayata da aka rarraba, sai ga shi tebura ne suka cinye yawancin kuɗin.

Binta_Rikkos:
Ana nomawa a Jos, ba jita-jita ba ce. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, shi ya sa abin da ba ya yi a ƙasar zafi yake yi a nan: dankalin turawa a Bokkos da Mangu, sitiroberi a Chaha kusa da Vom, ga kabeji, ga wardi. Sai dai in gaya miki gaskiya, wardin da na saba gani a lambunan nan bai kai na waje girman kai ba, karansa ma ya fi gajarta. Kuma in kin ce sai fari tas, mai yawa, rana ɗaya, da wuya mai lambu ɗaya ya iya. In kin yarda a gauraya launi za ki samu. Ki tuna kuma Disamba lokacin Kirsimeti ne da aurarraki a coci-coci, nan ma rububi ake yi. Ki yi magana da mai lambu tun yanzu, ki ba shi kafin alƙalami.

Ummu_Khairat:
Miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a kan abin da za a share a zuba a shara washegari? Inna lillahi. Ki sayo mata injin wanki da firiji da kuɗin.

Zee_Kwalliya_Wuse:
Bari in yi magana a matsayina na mai wannan sana'ar. Ban san wadda ta ba ki lissafin ba, ba kuma kare ta nake ba, amma ya kamata a san daga ina tsadar take. Wardin nan mai babban kai da kuke gani a Instagram yawancinsa daga Kenya yake, gonakin gefen tafkin Naivasha, wani daga Habasha, wani kuma ta Holan yake biyowa. Jirgi ke kawo shi, da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen N460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura N1,500. Ki ɗora kuɗin jirgi, kuɗin fito da kaya, ɗakin sanyi da man janareta, da wanda za a buɗe kwali a tarar ya lalace, wanda mu ne ke ɗaukar asararsa. Ga yaran da za su kwana suna tsinke ƙaya suna soka kara a soso ɗaya bayan ɗaya. Araha ba ta ado, wannan gaskiya ce.

Amma in ke ƙanwata ce ga abin da zan ce miki. Bangon bayan kujera da bakin ƙofa da duk abin da ke sama, a yi shi da ta roba mai kyau, haya za ki ɗauka ba saya ba. Ba wanda zai hau ya taɓa. Ɗanya a sa ta inda hannu da hanci ke kaiwa: hannun amarya, teburin gabansu, gefen kek, sai teburin iyaye in kuɗi ya kai. Mu kanmu haka muke yi a manyan bukukuwa, mutane ba sa lura.

Yayar_Amarya_Gwarinpa:
Na gode Anti Zee, Allah ya saka. To in na ce mata zan kawo ɗanyar da kaina daga Jos, ita ta jera kawai, za ta yarda?

Zee_Kwalliya_Wuse:
Wata za ta yarda, wata ba za ta yarda ba, don ribarta tana cikin fulawar. Wadda ta yarda za ta caje ki kuɗin aiki, kuma za ta ce in ta yi yaushi ba ruwanta, tana da gaskiya a nan. Ku rubuta a takarda ko a WhatsApp, wa ke da alhakin me.

Abu_Sumayya:
Ni dai tunatarwa ce tawa. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Walima ita ce sunna, ita ya kamata a inganta, a ciyar da mutane. A Suratul Isra'i an yi gargaɗi mai tsanani a kan almubazzaranci. Ban ce ado haramun ne ba, amma wanda zai ci bashi don fulawa ya sake tunani. 'Yar'uwa, ki zaunar da ƙanwarki ki nuna mata lissafin da idonta.

Fa'iza_Lokogoma:
Malam gaskiya ka faɗa, amma ita ba ta ce za ta ci bashi ba, hanyar ragewa take nema. Yarinya sau ɗaya za ta yi auren fari, in tana son fure a hannunta ba laifi ba ne. A taimaka mata da dabara.

Abu_Sumayya:
Haka ne, ban musa ba. Allah ya ba su zaman lafiya.

Sani_Direba_Jos_Abuja:
Hajiya, ni wannan hanyar nake bi kullum, kuma ana ba mu irin wannan saƙon. Matsalar ba nisa ba ce, awa huɗu zuwa biyar ne in hanya ta yi kyau. Matsalar zafi ce. Daga Jos zuwa Riyom sanyi ne, kana sauka Hawan Kibo iska ta canza, kafin Akwanga da Keffi mota ta ɗauki zafi. Sannan ga cunkoson Mararaba da Nyanya, in aka shiga cikinsa sai a ɓata awa guda ana tsaye. Kada ki yarda a sa miki a but tare da buhunan dankali, ko a ɗaure a saman mota. Ki biya kuɗin kujera, a ɗora kwalin a kan kujerar, motar farko bayan asuba. Kuma wanda zai karɓa ya riga motar isa tasha, kada kaya su zauna a rana ana jiransa.

Nura_Lambu:
Ƙari a kan maganar Malam Sani. A yanke fulawar da sanyin safiya ko da yamma liƙis, tun ba ta gama buɗewa ba, a tsoma ta cikin ruwa nan take na wasu awanni kafin a naɗe. Da ta iso, a sake yanke gindin karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse a ruwa don shi ke ruɓewa ya toshe karan. Bokiti mai tsabta, ruwa mai tsabta, ɗan sukari kaɗan da ɗigon bilic na wanki. A ajiye a ɗaki mai sanyi, ba gaban fanka ba, ba kusa da taga mai rana ba. Kada a sa a firiza, za ta yi baƙi. Kada kuma a ajiye kusa da ayaba ko tumatir ko wani kayan marmari da ya nuna, suna fitar da wata iska da ke sa fure ya tsufa da wuri, ga shi gidan biki kayan marmari ba sa yankewa. Ranar Juma'a ya kamata ta iso in Asabar ce dinar. Hunturu yana da amfani a nan tunda ba zafi sosai, amma busasshiyar iskarsa tana shanye fure, don haka kada a fitar da ita daga ruwa sai dab da taro.

In za ki zaɓa, furannin da ake kira kaneshon da kirisantimom sun fi wardi juriya, suna iya kai mako biyu a ruwa. Wadda ba zan ba ki shawara ba ita ce haidiranjiya, mai dunƙulen kai ɗin nan, da ta rasa ruwa kaɗan sai ta langaɓe.

Hajiya_Kaka_Bauchi_Road:
'Ya'yana, ni tambayata ita ce me ya kai fulawa wurin kamu? Kamu na mata ne, ado nasa lalle ne da turaren wuta da humra da kaya masu kyau. A shimfiɗa darduma da tabarmi masu launi, a jera tumtum, a kawo ƙore da faifai da kaskon turare, amarya ta lulluɓe, dangin ango su zo su feshe ta da turare su biya kuɗin kamu. Da yawan kayan nan suna gidajenku ko gidan maƙwabta, aro za a yi. Na je kamu da yawa a 'yan shekarun nan, waɗanda aka yi musu adon gargajiya sun fi zama min a rai. Ki cire kamu daga lissafin gaba ɗaya, 'yata.

Yayar_Amarya_Gwarinpa:
Hajiya Allah ya ƙara girma. Wannan shawarar ta shige ni sosai, Mama ma za ta fi son haka.

Maman_Hanif:
Hajiya Kaka ta gama magana a kan kamu. Kuma fulawar dina kada a bari a hol. A sa mutum biyu tun kafin taro, aikinsu ke nan, ana tashi su kwashe ɗanyar su sa a bokiti su kai gida, da safe a jera a wurin walima. In ba a ba wani aikin ba, kafin ku gama sallama da baƙi an kwashe.

Rifkatu_Bukuru:
Sannunku 'yan'uwa. Ni ina cikin matan da ke yi wa cocinmu ado, bari in kawo yadda muke yi ko zai yi amfani. A Disamba sai a ɗaura aure biyu Asabar ɗaya, to iyalan biyu sukan haɗa kuɗi a yi ado ɗaya, a zaɓi launin da bai yi karo da na kowa ba, fari da kore galibi. Ki tambayi masu hol ɗin wa ke da taro ranar Juma'a da dare ko Asabar da rana a wurin. In an dace, ku raba kuɗin bangon baya, ku canza sunaye kawai.

Na biyu, ganye. Mu ganye muke cika ado da shi, fure kaɗan a tsakiya. Itacen turare yana ko'ina a Jos, ganyensa yana da ƙamshi kuma ba ya saurin lalacewa, ga ganyen kwakwa da na kaba. Fure goma cikin ganye mai yawa ya fi kyan gani a kan talatin da aka cusa wuri ɗaya. In kin samu mai lambu a nan, ki ce ya haɗo miki da ganyen, kuɗinsa ba shi da yawa.

Binta_Rikkos:
Anti Rifkatu haka ne wallahi, ganyen turaren nan mutane suna wuce shi a hanya ba su san a Abuja kuɗi ake saye ba.

Ango_Mai_Jiran_Gado:
Ni abin da ban gane ba, wa ya ce dole sai an yi dina? Lefe a kanmu, sadaki a kanmu, gida a kanmu, sannan a ce hol da abinci ma ango ya kawo rabi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya ninka, amma jerin bukukuwa ƙaruwa yake yi. Da kamu da walima kawai aka tsaya, da wannan maganar fulawar ba ta taso ba.

Fa'iza_Lokogoma:
Kayan ɗaki da gara fa, a kan wa suke? Iyayen amarya su ma ba barci suke ba.

Ango_Mai_Jiran_Gado:
Ban ce suna barci ba, Anti. Cewa nake duka ɓangarorin biyu a rage.

Ummu_Khairat:
A nan ina bayansa. Dangin mijina a Kubwa sun daina dina, walima ake yi babba, kuma ba wanda ya ce auren bai ɗauru ba.

Maman_Hanif:
Jama'a a dawo kan tambaya. An riga an biya hol, dina za a yi, maganar lefe a buɗe mata nata zauren.

Sadiq_Mai_Hoto:
Bari in faɗi abin da kyamara ke gani, tunda yawanci don hoto ake wannan kashe kuɗin. A hoto, bangon baya dishi-dishi yake fitowa saboda fuskar amarya muke nema, ba mai iya bambance roba da ɗanya daga nan. Wanda muke ɗauka kusa-kusa shi ne na hannunta, tare da lalle da zobe, wannan kam in roba ce mai arha ana ganewa, tana ƙyalli kuma ana ganin zaren gefen. Teburan baƙi kuwa da an fara raba abinci ake ture fulawar gefe, wasu ma ƙasa ake sauke su don suna tare wa mutane gani. In da ni ne, kuɗin tebura zan karkatar zuwa haske. Hol mai fitilu masu kyau da fulawa kaɗan ya fi hol cike da fulawa a duhu, a nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Zee_Kwalliya_Wuse:
Malam Sadiq na yarda da maganar haske, amma tebur fayau ma ba ya kyau in an shigo. Ƙaramin gilashi da fure ɗaya ko biyu da ganye ya wadatar, ko a sa a tebur ɗaya a tsallake ɗaya.

Sadiq_Mai_Hoto:
Wannan daidai ne. Dogayen fulawoyin teburin nan ne nake magana a kai.

Halima_Nas:
Don Allah a kula da abu biyu. Fulawar lili tana da ƙamshi mai ƙarfi, a rufaffen hol mai iyakwandishan tana iya tayar wa masu asma da masu atishawa, kuma garin da ke tsakiyarta yana ɓata kaya. Na ga ya zuba a farin leshin wata amarya, aka goga da ruwa ya ƙara bajewa. In za a sa ta a tsinke 'yan kawunan tsakiyar tun da wuri. Sannan masu cewa a yanko daga gida ko bakin titi, ba kowane tsiro ake ɗora wa teburin abinci ba. Oliyanda, mai furen ruwan hoda da dogon siririn ganye da ake shukawa a gefen hanya, guba ce tun daga ganye har fure. Ƙyarana da ake shinge da ita a Jos ma ruwanta yana ƙona fata da ido. Akwai yara a wurin biki.

Nura_Lambu:
Gaskiya ne Anti Halima. Ita kuma bogenbiliya, ta kan katanga mai kama da takarda, da rani take cika fure kuma kyauta za a samu a gidajen 'yan'uwa, sai dai in an yanke ta ba ta daɗewa, ga ƙaya. Ta yi wa walimar safe a tsakar gida, ba ta yi wa dinar dare ba sai an yanko ta dab da lokaci.

Jamila_Karu:
Ba wanda ya ambaci masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, ga su nan birjik a Abuja. Ni a wurinsu na ɗauki hayar tukwanen shuka masu rai na bikin ƙanina, aka jera a hanyar shigowa da gefen dandamali, washegari aka mayar. Ba yaushi, ba asara. Sai dai ki je da kanki ki zaɓa, ki biya kuɗin ajiya saboda fashewar tukunya, ki tanadi motar ɗauka. Wasu ma mun saye su muka kai gidan amarya, suna nan har yanzu a barandarta.

Ummu_Khairat:
Wannan ita ce shawarar da na fi so duk cikin zancen nan.

Binta_Rikkos:
Ni dai har yanzu ina ganin ki gwada ta Jos kafin ki yanke hukunci. Ki sa a aiko miki da ɗan kaɗan yanzu, ta hanyar da Malam Sani ya faɗa, ki ajiye a ɗakinki ki ga yadda za ta yi zuwa kwana na uku, amarya ma ta gani da idonta. In ta yi mata, shi ke nan. In ba ta yi ba, kin san na hannunta kaɗai za ki saya na waje.

Zee_Kwalliya_Wuse:
Gwajin yana da kyau, amma abin da lambu ya bayar yanzu ba lallai shi zai bayar ƙarshen Disamba ba. Ki riƙe wata hanyar a hannu. Kuma ki gode Allah ba Fabrairu ba ne bikin, makon 14 ga wata, ranar masoya, wardi ja ba ya taɓuwa.

Yayar_Amarya_Gwarinpa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da mai kwalliyar ɗazu, ta rarraba lissafin, kuma kamar yadda Maman Hanif ta ce, tebura ne suka fi cin kuɗi. Ta yarda a cire kamu, ta yarda bangon baya ya zama na haya. Inda muka tsaya shi ne ta ce ba za ta taɓa fulawar da ba ita ta kawo ba. Amarya kuma ta amince da ta roba a sama, amma ta ce hanyar shigowa sai ɗanya, ba ta son tukwane. Mama ta ce a bar hanyar haka nan da kafet kawai. Yanzu ban sani ba ko in nemi wata ta jera min ta Jos ɗin daban, ko in bar wa wannan na hannu da teburin gaba kawai.

Rifkatu_Bukuru:
Jera ƙananan gilasai ba sai gwana ba, ƙawayen amarya huɗu za su iya da safiyar Asabar in an nuna musu sau ɗaya. Na hannun amarya ne ke son mai hannu.

Zee_Kwalliya_Wuse:
Ƙawayen amarya ranar ɗaurin aure? Suna wurin kwalliya da ɗaurin kallabi, Anti, ba za ki gan su ba. A nemi waɗanda ba sa cikin anko. Kuma masu kwalliya biyu a hol ɗaya rigima ce, sai an raba musu wuri da lokaci tun farko.

Sani_Direba_Jos_Abuja:
Hajiya in kin tsayar da shawara ki kama kujerar da wuri, makon Kirsimeti motoci cika suke kuma kuɗin mota yana tashi.

Jamila_Karu:
Tebur nawa ne a hol ɗin, kuma masu hol suna barin a shiga tun safe ko sai la'asar? Ki tambaya, don in sai la'asar ne maganar jerawa da kanku ta canza.